Ƙaramar Hukuma da Filayen Wasa na Jama'a: Sharhi a kan Yadda Ake Yanke Shawara

1.0 Gabatarwa

A wannan takarda muna so mu duba irin shawarar da majalisun ƙananan hukumomi ke yankewa idan aka tashi mayar da buɗaɗɗen fili wurin wasanni na jama'a. Za mu tsaya ga Nijeriya, musamman Jihar Kano, wadda ke da ƙananan hukumomi 44 daga cikin 774 na ƙasa baki ɗaya. Ra'ayinmu shi ne, yawancin shawarwarin nan sun fi kula da ginin da za a ɗora a kan fili bisa ga kare filin kansa, alhali kuwa filin shi ne abin da in ya salwanta ba a mayar da shi.

2.0 Nauyi a Hannu Ɗaya, Ƙasa a Wani Hannu

Kafin mu ga laifin kansiloli, ya kamata mu san iyakar ikonsu. Gyaran da aka yi wa tsarin ƙananan hukumomi a 1976 ya ɗora musu ayyuka da dama waɗanda a da En'e ke yi. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 kuwa ya sa gina lambunan shaƙatawa da buɗaɗɗun filaye da kula da su cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha ga Gwamna a matsayin amana, ta kuma bar masa ikon duk inda ya ayyana a matsayin birni. Ƙaramar hukuma sai a karkara take da ta cewa.

Watau a wurare irin su Dala da Fagge da Gwale, inda cunkoso ya fi yawa, yara kuma suka fi bukatar wurin buga ƙwallo, majalisa tana ɗauke da nauyin filin da ba ita ke rabon sa ba. Alal misali, shagunan da aka gina a filin idi na Ƙofar Mata da filin sukuwa na Nasarawa, gwamnatin jiha ce ta ba da izininsu, kuma wata gwamnatin jihar ce ta rushe su a 2023. Rigimar da ta biyo baya ta kasance tsakanin jiha da 'yan kasuwa. Ba mu ji amon masu wasa a filayen ba.

3.0 Kurakurai Uku

Duk da haka, rashin iko ba zai wanke majalisun sarai ba, domin inda suke da ikon ma muna ganin kurakurai uku.

Na farko, ana ɗaukar filin da babu gini a kansa kamar filin banza. Alhali kuwa fili guda a ƙauye ko bayan gari yakan zama wurin ƙwallo da yamma, dandalin dambe da kokawa bayan kaka, wurin sallar idi sau biyu a shekara, wani lokaci ma burtali ya ratsa gefensa. Duk wannan amfani ba a rubuce yake ba, saboda haka ba ya shiga takardar da ake gabatar wa majalisa.

Na biyu, an ɗauka raya fili yana nufin kewaye shi da katanga, a sa ƙofar ƙarfe, a jera shaguna a jikin katangar don samun kuɗin shiga. Da zarar an yi haka, mabuɗi ya koma hannun mai gadi, ƙungiyar da ke iya biyan kuɗi ta samu shiga, yaron da ke wasan langa ba takalmi ya koma bakin titi cikin babura. Har wa yau, shagon da aka fara da layi ɗaya ba ya tsayawa a layi ɗaya.

Na uku, ana ware kuɗin gini ba a ware na gyara ba. Kwangila tana da ranar buɗewa da allon da za a rubuta sunan shugaba. Share ciyawa da yashe magudanar ruwa ba su da wannan armashi, sai ka tarar bayan damina biyu ko uku filin ya koma fadama. Ana iya cewa asusun haɗin gwiwa da jiha ne ya tauye majalisun. To, a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Amma kuɗi ba zai gyara tunanin da bai ɗauki gyara a matsayin aiki ba.

4.0 Abin da Muke Gani Ya Dace

Filin ƙwallo na gasa, mai tsawon mita 105 da faɗin mita 68, bai kai hekta 1 ba. Ashe ke nan abin da ake bukata bai fi ƙarfin kowace majalisa ba. Muna ba da shawara cewa kowace ƙaramar hukuma ta fara da ƙididdige filayen da jama'a ke wasa a kai, a auna su, a kafa musu duwatsun iyaka, a nemi jiha ta tabbatar da su a rubuce a matsayin mallakar jama'a. Sa'an nan kada a yanke shawara sai an saurari mai unguwa da shugabannin matasa da makiyaya da malaman makaranta, da kuma mata, waɗanda kusan ba a tuna da su a maganar fili. Gini kuwa a yi shi daidai bukata: a daidaita ƙasa, a fitar da hanyar ruwa, a dasa itatuwa a kan iyaka maimakon katanga, a yi makewayi da famfo.

5.0 Kammalawa

Mun nuna cewa doka ta raba nauyin kula da fili da ikon mallakarsa, majalisu kuma sun ƙara da nasu kuskuren na fifita bulo da siminti. Ginin da ba a yi bana ba ana iya yin sa baɗi. Filin da aka yanka fuloti kuwa, ko an rushe abin da ke kansa, sai an sha shari'a kafin ya dawo hannun jama'a. Muna fatan mahalarta wannan taro za su faɗaɗa wannan bincike zuwa sauran jihohi.