Tseren Keke Mai Zango-Zango: Yadda Ake Cin Riga da Lissafin Daƙiƙa

A ƙarshen watan Oktoba, lokacin da damina ta ɗauke kuma hunturu ya fara leƙowa, mahaya keke daga ƙasashen Afirka da Turai sukan hallara a Burkina Faso domin tseren Tour du Faso. Tun 1987 ake yin sa. A mafi yawan shekaru zango goma ne, tafiyar da ta haura kilomita dubu, tana bi ta garuruwa irin su Bobo Julaso da Kudugu kafin a ƙare a Wagadugu. Mai kallo a bakin titi zai ga ayarin kekuna ya wuce fyuu, ya ɗauka magana ce ta ƙarfin ƙafa kawai. Alhali mutum na iya cinye irin wannan tsere gaba ɗaya bai zo na ɗaya ba ko sau ɗaya. Haka Chris Froome ya ci Tour de France, uban tseren duka, a 2017, haka ma Egan Bernal ɗan Kolombiya a 2019. Dalilin yana cikin littafin alƙalai.

Zango shi ne tseren yini guda, da mafarinsa da maƙurarsa. A Burkina zango ɗaya kan yi kusan nisan Kano zuwa Daura, a cinye shi cikin awa uku ko makamancin haka. A Faransa kuwa zango 21 ake yi cikin mako uku, hutu kwana biyu kacal. Kullum alƙalai na rubuta wa kowane mahayi lokacin da ya ci, su haɗa da na jiya da na shekaranjiya, kamar yadda mai kanti ke rubuta bashi: wanda nasa ya fi ƙanƙanta shi ne a gaba. Wannan shi ne babban jadawali, kuma mai jan ragamarsa ke sa riga mai ruwan ɗorawa, al'adar da aka fara a Faransa a 1919. Akwai wata doka da ta sauya komai. Duk waɗanda suka tsallaka layi a dunƙule, ba tazara a tsakaninsu, lokaci ɗaya ake rubuta musu, ko da mutum shi ne na tamanin. Saboda haka mai neman rigar ba ya ɓata ƙarfinsa a kan zuwa na ɗaya kullum. Aikinsa kada ayari ya bar shi, sannan ya jira wuraren da tazara ke buɗewa: hawan tudu, iskar gefe, da zangon gwajin agogo.

Keken da kansa abin a tsaya a duba ne. Hukumar tseren keke ta duniya ta hana ya gaza kilo 6.8, nauyin da yaro zai ɗaga da hannu ɗaya. An lanƙwasa kansa ƙasa domin mahayi ya duƙa ya rage faɗin ƙirjinsa. Takalmi na maƙale da feda, sai an murɗa diddige gefe yake fita. A gaba akwai faifai biyu masu haƙora, a tayar baya goma sha ɗaya ko sha biyu, kuma da ɗan taɓin yatsa sarƙa ke tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Gwani ba ya jiran ƙafa ta yi nauyi kafin ya sauya giya. Yana riƙe juyin feda wajen sau casa'in a minti, a shimfiɗe ko a tudu, don cinya ta kai shi gobe.

Babban abokin gaba a wannan sana'a iska ce. Duk wanda ya taɓa hawa keke daga Kanya Babba ya nufi Babura cikin hunturu, iska ta tare shi ta gaba, ya san yadda hanyar da ba tudu ke komawa kamar hawa. A gudun kilomita arba'in cikin awa, yawancin ƙarfin mahayi a ture iska yake ƙarewa. Wanda ya laɓe a bayan wani, tayarsa ta gaba ba ta fi taƙi ɗaya daga tayar bayan na gabansa ba, yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar. A nan aka samo karɓa-karɓa. Na gaba zai ja na ɗan lokaci, ya ɗan kaɗa gwiwar hannu alamar ya gama, ya zame gefe, ya sassauta har layin ya wuce shi, ya shige bayan na ƙarshe. Wanda ya karɓa ba ya ƙara gudu, don kada layin ya tsinke. Ba ya danna birki da ƙarfi, don mutum goma na bin sawunsa. Idan ya hangi rami, da yatsa yake nuna wa na baya.

In iskar ta juyo daga gefe, mafakar ma ta koma gefe. Sai mahaya su jeru a karkace, kowa a bayan kafaɗar ɗan uwansa, daga wannan bakin titi zuwa wancan. Titi kuwa faɗinsa da iyaka, mutum goma sha wani abu yake ɗauka. Sauran sai su tsinci kansu a layi ɗaya bakin kwalta, iska na dukansu, har su yanke. A fili irin na Burkina, inda manyan tuddai suka yi ƙaranci, irin wannan wuri da kuma hanyoyin jar ƙasa masu ƙura su ne ke raba ayari. Wanda ya yi nazarin taswira da safe, ya san kwanar da hanya za ta juya wa iska gefe, tuni ya matso gaba. Wanda ya zauna can baya yana jin daɗin inuwar wasu, sai dai ya ga minti biyu sun hau kansa da yamma.

Ba mai cin wannan tsere shi kaɗai. A Faransa kowace tawaga mutum takwas ce: madugu ɗaya, sauran kusan duk masu hidima. Mai hidima ne ke tare wa madugu iska tun safe. Shi ke ja da baya zuwa motar tawaga, ya karɓi gorunan ruwa ta taga ana tafe, ya cusa su a aljihu da cikin wuyan riga, sannan ya sake ratsa ayarin yana miƙa wa kowa nasa. A zafin Burkina, da ke kusantar maki arba'in, wannan zirga-zirga ba ta yankewa. Idan tayar madugu ta yi faci, sai ya ɗaga hannu. In ta baya ce, yakan saukar da sarƙa kan ƙaramin faifai kafin ya tsaya, don bakanike ya zare tsohuwa ya sa sabuwa ba tare da ta sarƙe ba. Bakanike ya tura shi da gudu, masu hidima biyu ko uku da suka tsaya jiransa su ja shi har ya kamo ayari. In mota ta yi nisa, mai hidima kan sauka ya ba da nasa keken.

Kusan kowane zango wasu 'yan kaɗan kan ɓalle tun da wuri su yi gaba. Ayari ba ya firgita. Mai babur na kai da komo da allo, an rubuta tazarar da alli, manyan tawagogi kuma na lissafi. Ƙa'idar da suka gada ita ce, ayari mai himma na cinye minti ɗaya a kowane kilomita goma. Kama su da wuri ɓarna ce, don wasu masu sabon ƙarfi za su sake ɓallewa. Kama su a makare asarar zango ce.

Idan aka iso tare, sai fagen masu gudun ƙarshe. Ana rataye jan ƙyalle a inda ya rage kilomita ɗaya. Abokan mai gudu na jere a gabansa, kowa ya zuba iya ƙarfinsa ya kauce, har ya rage kamar mita ɗari biyu. Sannan ya miƙe daga sirdi, keke na rangaji a ƙarƙashinsa, gudu ya kusanci kilomita saba'in cikin awa, a kan layi kuma ya miƙe hannu ya cilla keken gaba. Wani lokaci sai hoto ke raba gardama. Irin waɗannan ne ke neman koriyar riga, wadda da maki ake cin ta: ana ba da maki a ƙarshen zango da kuma a wani layi da ake shatawa a tsakiyar hanya. Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku a Faransa a 2024, ya tafi gida da wannan riga, abin da wani ɗan Afirka bai taɓa yi ba kafin shi.

Masu hawa kuma suna da tasu, farar riga mai ɗigo-ɗigon ja. An kasa tuddai aji-aji bisa tsawo da tsanani, kuma na farkon isa ƙololuwa ne ke kwasar maki mafi yawa. Mu da idonmu ya saba da duwatsun Kazaure da Roni sai mu yi tunanin Alpe d'Huez na Faransa, hawan kusan kilomita 14 mai kwana 21. A can gudu ya ragu, laɓewa ba ta da amfani sosai, kowa da huhunsa. Wani ɗan Eritiriya, Daniel Teklehaimanot, ya sa wannan riga na 'yan kwanaki a 2015. Farar riga zalla ta matashin da ya fi kowa a babban jadawali ce, cikin waɗanda ba su kai shekara 26 ba. Tawaga kuma ana auna ta da haɗa lokacin mutum ukunta na farko a kowane zango.

A gwajin agogo ana sakin mahaya ɗaya bayan ɗaya, an haramta bin bayan wani. A Tour de France na 1989, Laurent Fignon ya shiga zangon ƙarshe, daga Versailles zuwa Faris, yana gaban Greg LeMond da ratar daƙiƙa 50. Greg LeMond ɗan Amurka ya ɗaura wa kan kekensa wasu ƙarafa da suka haɗe masa hannu wuri ɗaya, ya sa hular kwano mai tsini, ya kwanta ya ratsa iska. Bayan tafiyar sama da kilomita 3,000, da daƙiƙa takwas ya ci.

Na baya ma ba a bar shi ya yi yawo ba. Kowane zango na da wa'adi, wanda ya wuce shi an cire shi, kuma akwai motar da ke bin ayari tana kwasar waɗanda suka sare. Wanda ya tsira, da yamma zai ci shinkafa ko taliya, a murza masa cinya, ya buɗe taswirar gobe. Bakanikai kuwa na wanke kekuna ɗaya-ɗaya, suna duba sarƙa da birki har dare. Shi ya sa aka saba, wanda ya ci Tour de France ba ya riƙe kyautarsa ta Yuro 500,000. Ana zuba ta a asusun tawaga, a raba wa mai ɗauko ruwa, da wanda ya ba da kekensa, da bakaniken da ba a taɓa nuna fuskarsa ba.