4.3 Matsayin Raha a Katun ɗin Batman

A wannan sashe za a duba yadda aka yi amfani da raha a wasu kashi-kashi na shirin katun mai suna Batman: The Animated Series, wanda kamfanin Warner Bros. ya shirya, aka fara nuna shi a gidan talabijin na Fox a Amurka cikin watan Satumba na 1992. Babban jigon shirin shi ne yaƙi da miyagun mutane a birnin Gotham, kuma tauraronsa mutum ne mai murtuke fuska wanda aka kashe iyayensa a gabansa tun yana yaro. Saboda haka akwai masu ganin cewa duk kashin da aka cika shi da ban dariya cike gurbi ne kawai. Wannan nazari bai yarda da wannan ra'ayi ba. Abin da aka lura da shi shi ne, raha takan fito da wasu halayen taurari waɗanda faɗa da guje-guje ba sa iya fitowa da su.

Misali na farko shi ne kashin Almost Got 'Im, wato saura ƙiris in kama shi, wanda Paul Dini ya rubuta a 1992. A nan an nuna abokan gabar Batman su biyar suna karta, kowa yana ba da labarin ranar da ya kusa halaka shi. Poison Ivy ta yi amfani da kabewa mai guba, Two-Face ya ɗaure shi a jikin wani ƙaton kwabo, Penguin ya sakar masa tsuntsaye, Joker kuwa ya ɗora shi a kan kujerar lantarki wadda dariyar 'yan kallo ke ƙara mata wuta. Da aka zo kan Killer Croc, iyakar abin da ya iya faɗa shi ne ya taɓa jifar Batman da dutse, sai sauran suka yi tsit suna kallonsa. Idan aka lura, dabarar kowane ɗaya ta dace da halinsa, ke nan mai kallo yana dariya yana kuma ƙara sanin su. A ƙarshe sai ta bayyana cewa Batman ne ya yi shigar Croc don ya ji inda aka ɓoye Catwoman. Wato wautar da aka yi wa dariya ita ce tarkon da ya kama su.

Misali na biyu shi ne Joker's Favor na 1992, inda aka fara ganin Harley Quinn cikin shigar wawan sarki irin na Turai. Wani talaka mai suna Charlie Collins ya zazzagi wani direba a kan hanya, ashe Joker ne. Joker ya ƙyale shi da rai bisa sharaɗin zai yi masa wata alfarma nan gaba. Bayan shekara 2 ya nemo shi, ya sa shi cikin makircin tayar da bam a walimar karrama Kwamishina Gordon. A ƙarshen kashin Charlie ya ritsa Joker da bam, har Joker ya riƙa ihu yana neman Batman ya cece shi, alhali bam ɗin na wasa ne. Har shi kansa Batman sai da ya dara. Wannan raha ta tona asirin Joker, domin ta nuna cewa mai tsoratar da jama'a shi ma matsoraci ne, kuma ba ya jure a mayar da shi abin dariya.

Sai dai ba ko'ina wannan salo ya yi armashi ba. A shirin Justice League Unlimited, cikin kashin This Little Piggy na 2004, matsafiya Circe ta mayar da Wonder Woman alade. An ɓata lokaci mai yawa ana bin aladen, kuma wannan bai ƙara wa mai kallo sanin komai game da ita ba, tunda an raba ta da magana da hankalinta. Wurin da ya yi ma'ana shi ne inda Batman ya amince ya rera waƙa a gaban jama'a don a warware tsafin, domin a nan ne aka ga irin matsayin da take da shi a zuciyarsa.

Daga bayanan da suka gabata za a iya cewa ma'aunin ingancin irin waɗannan kashi-kashi shi ne inda rahar ta samo tushe. Idan daga halin tauraro ta fito, takan ƙarfafa jigo, idan kuwa ɗora masa ita aka yi daga waje, da an gama dariya shi ke nan. A sashe na gaba za a duba yadda aka sarrafa harshe wajen gina wannan raha.