Bargon da ke yabon daji da zaren roba

A manyan wuraren baje kolin ɗinki na Amurka, irin wanda ake yi kowace shekara a birnin Houston na jihar Texas, wani nau'in aiki ya daɗe yana cin bango. Bargon faci ne mai hawa uku kamar yadda aka gada, wato fuskar da aka harhaɗa da ƙyallaye, auduga a tsakiya, da shafi a baya, sai dai ba don lulluɓa aka ɗinka shi ba. An fito da kurmi a jikinsa, ko gaɓar teku, ko fiffiken malam-buɗe-littafi, sannan aka bi shi da duwatsun ado da ƙyalƙyali da fenti da zare mai walƙiya har yadin ya ɓace a ƙarƙashinsu. Haka abin yake a ɓangaren riguna da alkyabbobin da ake ɗinkawa don nuna gwaninta. Masu wannan aiki suna cewa halittar Ubangiji ce ke ba su basira, kuma na yarda da gaskiyar niyyarsu. Abin da nake ja a kai shi ne hanyar. Mafi yawansu hoton daji suke ɗauka su ɗora a kan yadi, alhali abin da yadi zai iya karɓa daga daji ya fi hoto zurfi: kayan aikin kansa, da launin, da tsarin da ake gani a jikin tsuntsu ko ganye.

Sai an san inda wannan fasaha ta fito kafin a yi mata adalci. A 1971 gidan adana zane-zane na Whitney da ke New York ya rataya tsofaffin barguna kimanin 60 da Jonathan Holstein da Gail van der Hoof suka tattara, ya nuna su kamar yadda ake nuna zanen fenti. Aikin matan karkara ne da ba a ma san sunayen yawancinsu ba, kuma daga ranar idon masana ya buɗe. A 1979 Nancy Crow da abokan aikinta suka fara baje kolin Quilt National a wani tsohon garken shanun madara a garin Athens na jihar Ohio, domin masu ɗinkin sabon salo su sami inda za su nuna aikinsu, tunda gasar gargajiya ba ta karɓarsa. A 1989 Yvonne Porcella ta kafa ƙungiyar Studio Art Quilt Associates. Cikin shekara 20 bargo ya tashi daga gado ya hau bango, kuma mata da yawa suka sami suna da sana'a daga abin da a da ake ɗauka aikin zaman gida ne kawai. Wannan nasara ce ta gaske. Amma da bargo ya hau bango sai ya fara kwaikwayon maƙwabtansa na bangon, wato zanen fenti da hoton kyamara, kuma a nan matsalar ta soma.

Dubi yadda ake koyar da irin wannan aiki a yau. Mai ɗinki za ta ɗauki hoton fure ko na tafki, ta faɗaɗa shi a kwamfuta, ta rarraba shi gida-gida bisa haske da duhu. Sai ta yanka yadi daidai kowane gida, ta manna shi da wani siririn gam da ke narkewa idan an ɗora masa dutsen guga, ta bi da keken ɗinki tana cike gurabe da zare. A ƙarshe duwatsu su zama raɓa, ƙyalƙyali ya zama hasken rana a kan ruwa. Akwai gwaninta a ciki, akwai haƙuri na watanni. Sai dai yabon da ya fi fitowa daga bakin mai kallo shi ne, kai ka ce hoto ne. Idan iyakar yabon ke nan, to yadin ya shiga gasar da kyamara ta riga ta cinye. Gam ɗin ya sandarar da shi, ba ya lanƙwasa, ba ya zuba, ɗinkin da ke haɗa ƙyalle da ƙyalle ya daina riƙe komai. A gwada wannan da bargunan matan Gee's Bend, ƙauyen baƙaƙen fata a jihar Alabama, waɗanda aka nuna a Houston da Whitney a 2002 har hukumar gidan waya ta Amurka ta buga su a kan tambarin wasiƙa a 2006. Da yawa daga cikinsu da tsofaffin wandunan aikin gona aka ɗinka su. Inda gwiwa ta goge ya koɗe, inda aka ɓare aljihu shuɗin ya rage da duhunsa. Babu ganye ko ɗaya da aka zana, amma rana da gumi da ƙasar gonar auduga duk suna cikin yadin, domin su ne suka ba shi launin.

Masaƙan ƙasar Hausa sun warware wannan tambaya tun da daɗewa, kuma dalilin da ya sa na kawo su ke nan. Saƙi, wanda ake saƙawa da zaren baba da ɗan fari a cikinsa, kamannin jikin zabo gare shi, har Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya ambaci rigar da ake dangantawa da zabo a cikin kayan da ake fatauci da su. Masaƙin bai zana tsuntsu da baki da ƙafafu ba. Ya lura da yadda ɗigon fari ke warwatsuwa a kan duhu, ya mayar da wannan lura lissafin zare, kaza baƙi kaza fari, a tsaye da a kwance. Zaren tsamiya da ake yi wa babbar riga aiki da shi kuwa daga gidan wata tsutsar daji ake samun sa, a dafa shi da toka, a kaɗa shi da hannu, kuma launinsa na ƙasa-ƙasa nasa ne na asali. A zamaninmu Abdoulaye Konaté na Mali yana bin irin wannan tunani da shadda. Yana yanka ta siri-siri, ya jera dubban zirin da aka rina, launi na bin launi a hankali kamar yadda yake a gashin tsuntsu, kuma kowane ziri a sake yake, iska na motsa shi. Wanda ya tsaya gaban aikin yadi yake gani, kuma tsuntsu yake tunawa.

Sai maganar kayan aiki, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Fiye da rabin zaren da duniya ke samarwa a yau foliyesta ne, daga man fetur. Yawancin ƙyalƙyalin da ake ɗinkawa a riga roba ne, gam ɗin manna yadi roba ne, zaren da ke walƙiya galibi roba ce aka shafa mata ƙarfe. A watan Oktoban 2023 Tarayyar Turai ta hana sayar da garin ƙyalƙyalin roba da ake sayarwa a sake, saboda ɓurɓushinsa na ƙarewa a ruwa kuma ba ya ruɓewa. Bargo ɗaya ba zai gurɓata kogi ba, kuma masana'antun tufafi sun fi mai ɗinki a ɗakinta laifi nesa ba kusa ba. Amma aikin fasaha magana ce, kuma kayan da aka yi shi da su suna cikin maganar. Wanda ya ɗinka murjanin teku da ke mutuwa, ya rubuta a gefe cewa yana jimamin halin da teku ke ciki, alhali kowace tsakiya da ke jikin aikin roba ce, ya bar giɓi tsakanin abin da ya faɗa da abin da ya yi, kuma mai kallo na da haƙƙin ya lura.

Akwai ƙorafi mai nauyi da za a yi mini. Za a ce ƙyamar ado tsohuwar cuta ce ta masanan Turai, tun lokacin da Adolf Loos, mai zanen gine-gine ɗan Ostiriya, ya danganta ado da laifi a farkon ƙarni na 20, kuma da irin wannan ra'ayi aka daɗe ana raina aikin mata da na mutanen da ba Turawa ba. Mai zane Miriam Schapiro da abokanta sun yi yaƙi da wannan raini a shekarun 1970, kuma sun yi daidai. Ni ma ba na neman a rage ado don a burge masu son farin bango. Wanda ya taso yana ganin aska takwas ta cika ƙirjin riga ba zai ce yawan aiki aibi ne ba. Tambayar ita ce me adon ke yi a wurin. Aikin babbar riga yana zaune ne a wuya da aljihu, inda hannu ke yawan kaiwa kuma nauyi ke ja, yana ƙara wa wurin ƙarfi, kuma allura ta ratsa yadin ta zama ɗaya da shi. Amurka kanta ta taɓa gwada ɗaya hanyar. A shekarun 1880 an yi yayin wani bargon siliki da karammiski na yanka barkatai, cike da furanni da yanar gizo-gizo da aka yi da zare. Silikin lokacin ana jiƙa shi da gishirin ƙarfe don ya yi nauyi da sheƙi, kuma yau a gidajen tarihi da yawansu sun tsattsage sun zama gari, zaren adon na rataye a kan abin da babu, alhali bargunan auduga da suka girme su suna nan lafiya. Gam da roba na yau ma babu wanda ya gan su bayan shekara 100.

Za a kuma ce rinin ganye da saiwa ba tsarkakakke ba ne, kuma gaskiya ne. Wasu launukan suna koɗewa da wuri, wasu ba sa kama yadi sai da sinadarin ƙarfe, rini na cin ruwa da itace, kuma idan kowa ya shiga daji yana ɓare bawon itatuwa ɓarnar za ta fi ta roba saurin bayyana. India Flint ta Ostireliya, wadda littafinta na 2008 ya yaɗa dabarar naɗe ganyen turare a cikin ulu ko siliki a turara har siffarsa da launinsa su fito, da ganyen da ya faɗo ƙasa da tsofaffin yadudduka take aiki, kuma wannan ƙa'ida ita ce rabin darasin. Duk da haka dabarar tata ma ta zama yayi, ana ta buga ganye a kan gyale iri ɗaya ba tare da tunani ba. Ashe kayan daji kaɗai ba sa mayar da aiki fasaha. Abin da suke yi shi ne tilasta wa mai aiki ya san lokacin da ganye ke ba da launi, da ruwan da ya dace, kamar yadda marinin Ƙofar Mata ke gane rijiyar baba ta nuna daga kumfarta da warinta. Wannan sani yana fitowa a aikin.

A tufafin fasaha gwajin ya fi sauƙi, domin akwai jiki a ciki. Gasar World of WearableArt da Suzie Moncrieff ta fara a yankin Nelson na New Zealand a 1987, wadda ta koma Wellington a 2005, wasan dandali ce, kuma a can rigar da aka yi da katako ko ƙarfe tana da hujjarta, mintuna kaɗan za ta yi a gaban fitilu. Amma rigar da aka ce za a sa a shiga mutane, idan duwatsu sun yi mata nauyin da kafaɗa ba ta ɗauka, ko gam ya hana ta bin motsin mai ita, ko ba ta wankuwa, ta gaza a abin da ya bambanta ta da zanen bango. Da masu shirya irin waɗannan gasa za su wajabta rubuta duk kayan da ke jikin aiki a katin da ke gefensa, har da gam da nau'in zaren, kuma alƙalai su riƙa ɗaga bargo su ga yadda yake zuba kafin su ba da maki, da masu koyo sun fara tambayar malamansu daga ina yadin ya fito tun kafin su tambayi inda ake sayar da duwatsu.