Masoyan Marubuciya Bayan Littafi Ya Zama na Kuɗi

Lokacin da rubutun ƙagaggun labaran Hausa ya baro Kasuwar Kano ya koma cikin waya, ya samu wani abu da zamanin Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino bai saba da shi haka ba: mai karatu da ke tsoma baki tun labari bai kammala ba. A da sai littafi ya fito a saye shi. A zaurukan WhatsApp da Facebook da Wattpad kuwa, marubuciya kan saki feji ɗaya da daddare, kafin gari ya waye sharhi ya cika zaure. Wannan ta ce "Allah ya ƙara basira", waccan ta ce "Anti, don Allah kar ki raba su". Sau da yawa roƙon kan yi tasiri. Kishiyar da masu karatu suka tsana sai a tsananta mata, wanda aka shirya kashewa a bar shi da rai.

Ƙanƙantar zauren ce ta ba da wannan dama. Daga 2016 har zuwa 2022, zauren WhatsApp ba ya ɗaukar fiye da mutum 256. Marubuciya ta san masu yawan sharhi da sunayensu, in wata ta haihu a yi mata barka, in an yi mata rasuwa a dakatar da labari a yi ta'aziyya.

Da suna ya yi nisa sai zaure ya zama biyu, ya zama goma, kuma ba wadda za ta iya karanta dubban saƙonni. Aka rufe bakin zaure, masu kula da shi kaɗai ke magana. Sannan kuɗi ya shigo: a saki wasu fejoji kyauta, a tsaya daidai inda rai ya fi biyawa, mai son ci gaba ta tura katin waya ko ta biya ta banki ta aiko da shaida. Haɗakar Zafafa Biyar, wadda Billyn Abdul da Safiyya Huguma ke ciki, ta shahara da wannan tsari. Wasu suka kai littattafansu manhajar OkadaBooks kafin ta rufe a 2023, wasu ArewaBooks.

Ban ga laifin marubutan ba. Wadda ta shekara tana buga labari da babban yatsa, da kuɗin datarta, ta cancanci a biya ta. Sai dai cinikin ya raba masoya. Wadda ta biya ta daina roƙo, yanzu bin bashi take, in feji ya makara ta tambayi dalili da zafi. Wadda ba ta biya ba tana jiran a fitar da littafin ta bayan fage, shi ya sa "Allah ya isa" ta samu gurbi a saman feji, wurin da a da gaisuwar masoya ke zama. Tsofaffin masoya kuma, waɗanda suka yi ta yaɗa labarin kyauta har ya kai inda ya kai, su ne suka fi ƙorafin cewa an manta da su, kuma da gaskiyarsu.

Akwai kuma sababbin zuwa, masu kare marubuciya fiye da yadda suke karanta ta. Wadda ta ce labari ya yi tsawo, ko batsa ta yi yawa, sai a yi mata ca, a kira ta mai hassada. Nan ne asarar ta fi girma a ganina, domin sukar masu karatun farko ita ce ta maye gurbin editan da marubutan intanet ba su da shi. Yanzu labari kan kai feji ɗari yana zagaye wuri ɗaya, masu sauraron karatunsa a YouTube na neman kashi na gaba, ba wanda ya isa ya ce wa marubuciya ta yanke rabi.