Babi na Biyu: Bita ko Jerin Gwano?

Idan ƙarshen zangon karatu ya ƙarato, shagunan buga takardu na unguwar Bolari a Gombe ba sa rabuwa da 'yan ajin ƙarshe. Wasu daga Jami'ar Jihar Gombe da ke Tudun Wada, wadda aka kafa a 2004, wasu daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya, wasu ma tun daga Kashere. Kowa da filashinsa da daftarin kundin da malami ya yi wa kaca-kaca da jan biro. Sai dai sau da yawa babi na biyu, wato bitar ayyukan da suka gabata, shi ne jan biron bai cika taɓawa ba. Ba don ya fi sauran kyau ba ne. Ƙirarsa ce kowa ya riga ya haddace.

A fagen nazarin Hausa ƙirar sananniya ce. Kundayen digiri na uku ne a gaba, sai na biyu, sai na farko, sannan bugaggun littattafai da maƙalu. Kowane aiki da sakin layinsa: a faɗi sunan marubuci da shekara, a zayyana babi-babinsa, a rufe da cewa aikin yana da alaƙa da wannan bincike, amma sun bambanta domin shi a Kano aka yi, wannan kuwa a Gombe. Mai nazarin waƙa zai kawo Rabe-raben Adabin Hausa na Abdulƙadir Ɗangambo, da Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya na 1988, da Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau. Duk sun cancanci zuwa. Amma sai a jera su ba wanda ya ce wa wani uffan, ba a nuna inda suka haɗu ba, balle inda suka rabu.

Tsarin yana da amfaninsa, domin yana tilasta wa ɗalibi ambaton kundayen da ke shan ƙura a kantocin sassa. Illarsa ita ce ya mayar da giɓin bincike sauyin gari kawai.

A ɗauki mai rubuta tarihin Bolari. Da wuya ya kauce wa littafin Victor Low na 1972 kan masarautun Gombe da Katagum da Haɗejiya, wanda aka gina a kan tarihin baka. Bita ta gaskiya za ta tambaya: daga bakin su wa Low ya ji? Me takardun Turawan mulki da ke gidan adana tarihi na Kaduna suka ce a kan magana guda? Sannan hankalin Low ya fi karkata ga ƙarni na 19, zamanin Gombe Abba ta Buba Yero, alhali sai a 1919 aka dawo da fadar masarautar zuwa garin Gombe na yanzu. To ga giɓi nan na haƙiƙa, wanda sai mai karatu ne zai gano shi.

Akan ce kunya ce ke hana ɗalibi ja da na gaba, musamman idan marubucin malamin malaminsa ne. Ban cika gamsuwa da wannan uzuri ba. Muhawarar da aka tafka a rubuce tsakanin Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi na Borno tana nan cikin littafin Infaƙul Maisuri, kowa na kawo hujjar abokin jayayyarsa kafin ya warware ta. Ladabi bai taɓa hana malaman ƙasar nan saɓani ba.

Yanzu kuma ga ChatGPT, tun ƙarshen 2022. Irin wannan bita ta jeri ita ce ta fi masa sauƙin ƙagawa, har da sunayen littattafan da ba a taɓa rubutawa ba. Manhajar Turnitin na iya kama wanda ya kwafi jimla, amma ba ta gane wanda bai buɗe littafi ba. Wannan sai a zauren kare kundi, lokacin da mai jarrabawa zai ɗago kai ya ce: "Malam, a ina Gusau ya saɓa da Ɗangambo?"