Gogewa, cirewa ko tumɓukewa?

Mai fassara takardun koyon kwamfuta daga Faransanci zuwa Hausa yakan ɗora wa kalma ɗaya, "goge", nauyin supprimer da désinstaller duka. Wannan sakaci yana da illa. A Windows, ɗalibin da ya goge alamar manhaja daga fuskar allo bai taɓa manhajar ba, tana nan daram cikin na'ura. Tsarin Debian ma ya raba umarni biyu: remove yana barin fayilolin saiti, purge kuwa yana kwashe su. Manomi ya riga mu sanin wannan bambanci, domin sassabe yakan bar kututture, tumɓukewa ba ta barin saiwa. Saboda haka a bar "goge" ga fayil, "cire" ga manhaja, "tumɓuke" ga cirewa har saiwa.