Mujallar da ta fito da Yanesen

Masu shaguna a Yanaka da Nezu da Sendagi, tsofaffin unguwannin Tokyo, suna cin moriyar ƙaramar mujallar da Mori Mayumi da wasu mata biyu suka kafa a 1984. Matan sun bi gida-gida suna rubuta tarihin dattawa da masu sana'ar hannu, har sunan Yanesen, wato taƙaitaccen sunan unguwannin uku, ya bazu, masu zane da masu sayar da littattafai suka biyo baya. Wasu na ƙorafin cewa shaharar ta jawo cunkoson 'yan yawon buɗe ido. Gaskiya ne, amma a shekarun da farashin filaye ya haukace, dillalai na rushe gidajen katako, mujallar ce ta nuna wa mazauna darajar abin da ke hannunsu. Ta ci gaba da fitowa har 2009.